Wayar da Ba Ta Manta Hanya Ba

Da hantsi aka kai wa Sufeton 'yan sanda rahoton sata a shagon ɗaukar hoto. Ya iske ƙofa lafiya lau, kyamarori suna nan, kwamfuta tana kan teburinta. Faifan ajiya kaɗai aka cire, sai igiyarsa tana lilo.

Mai shagon tana tsaye bakin kanta. Bara mijinta, Mai Hoto, ya rasu, ita ta ci gaba da riƙe wurin.

"Malama, me ke cikin faifan?"

"Hotunan mutane, Yallaɓai." Ta dubi igiyar da ke lilo. "Da bidiyoyin mijina. Muryarsa ba ta ko'ina sai can."

"Babu kwafi?"

"Injiniya ya ce ya yi."

Aka kira Injiniya, mai gyara mata kwamfuta. Ya shigo da kurari, har da rantsuwa. Da Sufeto ya ce a nuna kwafin, sai ya hau sosa ƙeya.

"Wallahi gobe nake shirin yi. Amma ni kullum ina faɗa mata, ta canza kalmar sirrin waifai, ta goge asusun marigayi, ta sake kwaɗo. Ta ƙi."

"Marigayi ne ya saka kalmar da hannunsa," in ji ta a hankali. "Kullum da safe in na buga ta, ji nake kamar na gaishe shi."

Sufeto ya nuna rauta, ɗan akwatin da ke raba intanet a shagon.

"Wannan yana tuna wayoyin da suka hau shi?"

Injiniya ya buɗe. Ga wayar matar, ga tasa. Ga kuma wata da ta hau jiya da rana, lokacin da shago yake rufe.

"Wa ya taɓa aiki a nan?"

"Dogo, ƙanen marigayi. Tare suka buɗe shagon. Suka yi faɗa ya tafi, har mijina ya rasu ba su shirya ba."

Sufeto ya aiki Kofur ya zo da Dogo, wanda duk ya rame, rigarsa ta yi masa yawa.

"Yallaɓai, rabona da layin nan tun kafin rasuwar Yaya."

"To. Shigo daga ciki. Akwai data a wayarka?"

"Babu, ta ƙare."

Yana tsallake ƙofa wayar ta hau ƙara a aljihunsa, saƙonni suna shigowa. Sufeto ya juyo masa da fuskar kwamfutar: wayar jiya ta sake bayyana.

"Kai ka ce ka manta hanya, ita ba ta manta ba. Ina tsohon mabuɗinka?"

Dogo ya durƙushe.

"Ji na yi Injiniya zai goge komai na Yaya. Akwai bidiyon ranar da muka buɗe shago, yana kirana Dogo sarkin kwana, yana dariya. Ban je na ba shi haƙuri ba, Anti. Kullum ina cewa sai gobe. So nake kawai in ji ya sake kirana."

"Da ka tambaye ni," ta ce, hawaye na zuba. "Ni ma ban da wanda zan kalla da shi."

Faifan yana cikin jakarsa, naɗe da tsohuwar hular yayansa. Kofur ya kama hannunsa suka nufi mota, don sai ya ba da bayani a ofis.

"Malama," in ji Sufeto, "yau ɗan'uwa ne ya shigo. Gobe ba mu san ko wa ba. A canza kalmar nan, a sake kwaɗo, a yi kwafi a ajiye a gida."

"Injiniya, kwafi biyu za ka yi," ta ce. "Ɗaya na Dogo."

Ta ja kujera ta zauna. Kwamfuta ta nemi tsohuwar kalma kafin ta karɓi sabuwa. Ta buga ta a hankali, harafi bayan harafi, yatsanta ya tsaya a kan na ƙarshe.

Sufeto ya juya yana kallon titi, bai ce ta yi sauri ba.