Lambar Mutum Shida

Ranar da ya fara shigowa shagon buga takardu, Auta tana fama da babbar firinta wadda ta cinye takarda, hannunta duk ya yi baƙi. Ya tsaya da naɗaɗɗun taswirori a hammata yana kallonta, har sai da ta ɗago ta tambaye shi ko kallo ya zo saye. Ya yi dariya, ya ce shi safiyo ne, mai auna ƙasa, kwafi goma yake so kafin azahar, kuma in ba za ta ji haushi ba, akwai tawada a goshinta. Tun daga ranar sunanta a bakinsa ya zama Tawada.

Sati uku yana ƙirƙiro abin bugawa. A na huɗu ya gaya mata an tura su aikin hanya can wani daji mai nisa, wata biyar. Babu intanet a wurin, layinsa ma ba ya kamawa. Sai dai kamfaninsu yana da wata lamba wadda ba ta cikin kowace waya, a na'ura take zaune. Duk ƙaramar wayar da aka haɗa da ita, mutum zai rubuta saƙo ya fita da wannan lamba, amsa kuma ta same shi ko da ya canza layi sau goma. Ba a kiranta, saƙo kawai. Ya rubuta mata ita a bayan rasit.

Kwana biyu da tafiyarsa wayarta ta yi ƙara.

"Tawada, mun iso. Sai na hau wani dutse sannan saƙo yake fita. Yau na hau sau uku, sau biyu na rasa abin da zan ce miki na sauko."

Ta karanta ya fi sau goma kafin ta amsa.

"Ɗan Taswira, ka riƙa hawa a hankali. In ka karye wa zai riƙa damuna da kwafi goma?"

Daga nan zama ya gagare ta. Tana aiki ido yana kan waya. Ta buga wa wata mata katin gayyata a juye, ta zuba sukari a shayin Baba sau biyu. In saƙo ya yi kwana ɗaya bai zo ba, sai ta fita ƙofar shago ta dawo, ta sake fita, kamar daga bakin titi zai ɓullo.

Baba, wanda ya yi shekara talatin yana aiki a gidan waya kafin ya yi ritaya, shi ne ya fara tsayawa a hanya. Da Umma ta gaya masa zancen safiyon, ya karɓi lambar ya kira a gabansu. Ba ta shiga ba. Ya ajiye wayar ya ce shi duk rayuwarsa bai taɓa kai wasiƙa gidan da babu ƙofa ba, kuma ba zai ba da 'yarsa ga lambar da babu mutum a bayanta ba. Ga mai kemis na kan kwana, ya yi magana tun bara, kowa ya san inda yake buɗewa da inda yake rufewa. Mai kemis kuwa ya samu ƙofa, kullum sai ya biyo ta shago ya gaya mata labarin 'yan damfara masu amfani da irin waɗannan lambobi.

Ba ta yarda da shi ba, amma maganar ta zauna mata a ƙirji. Ta rubuta wa safiyo duk abin da ke ranta, tsoronta, kukan da ta yi a bayan firinta, da yadda take jin in ba shi ba sai dai ta zauna haka.

Wata ranar Laraba wani mutum mai ƙura a gashin ido ya shigo da taswirori, ya ce shi direban tawagar safiyo ne. Ya dube ta, fuskarsa ta washe.

"Ke ce Tawadar tamu? Wallahi ranar da kika ce kin yi kuka a bayan firinta, ko abinci ba mu iya ci ba."

Auta ta tambaye shi inda ya ji wannan magana. Da ta matsa masa, ya bayyana mata cewa lambar ta tawaga ce gaba ɗaya. Duk amsar da ta shigo, wayoyi shida take faɗawa lokaci guda. Ya ɗauka ta sani.

Ta buga masa takardunsa ba tare da ta sake ɗaga kai ba. Yana fita ta rubuta:

"Wata uku ina buɗe maka zuciyata, ashe a gaban taro nake yi. Kada ka sake turo min komai. Sauran biyar ɗin ma na gaishe ku."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar, kamar a kan dutsen yake zaune.

"Na gano tun satin farko. Na ji tsoron in na faɗa miki za ki daina rubutowa, ni kuma da saƙonki nake tashi. Laifina ne ni kaɗai. Ki yafe min, Tawada."

Ba ta amsa ba. Kwana goma sha ɗaya tana kunna waya tana kashewa. Ta goge lambar, ta tarar ta haddace ta. Ta ce wa Umma a gaya wa mai kemis ya turo, kafin Umma ta yafa mayafi ta ce a dakata. Ta rame har yayarta ta fara tambaya ko a kai ta asibiti.

A rana ta goma sha biyu da hantsi, mota mai laka ta tsaya a ƙofar gidansu. Wani dattijo mai furfura ya fito, shugaban tawagar, wanda duk suke kira Kawu. Safiyo yana bayansa, kai a sunkuye, ya yi baƙi ya zube. Auta ta laɓe a bayan labulen falo.

Kawu ya gaisa da Baba, ya nuna katin aikinsa, sannan ya ajiye wata tsohuwar ƙaramar waya a kan tebur. Ya ce yaron nan ya yi kuskure, kuma ya sha faɗa a kansa. Amma shi yana da 'ya'ya mata huɗu, kuma ya zo ne ya ba da shaida.

"Wata uku maganar 'yarka tana shigowa wayata ba da sona ba. Ban ga kalma ɗaya da uba zai ji kunyarta ba. Na sa shi ma ya nuna min nasa, haka suke. Ga su nan, ka duba."

Baba ya daɗe yana kallon wayar. Bai taɓa ta ba. Ya ce shi bai taɓa buɗe wasiƙar wani ba, ba kuma zai fara da ta 'yarsa ba. Sai ya juya ga safiyo ya tambaye shi sunan mahaifinsa, da layin gidansu, da lambar ƙofa, ya rubuta a takarda. Daga nan ya ɗaga murya ya ce wadda ke bayan labule ta fito, tunda ƙafafunta a waje suke.

Ta fito tana murza gefen mayafi. Safiyo ya ɗago ya ce mata a hankali bai zo da wata hujja ba, haƙuri kawai ya zo bayarwa, in ta ce ya koma zai koma. Ta ce ai ba ta yafe ba tukuna. Ya ce zai jira. Ta ce to ya jira a nan garin, inda za ta riƙa ganin yana jiran. Kawu ya yi tari ya kau da kai, Baba ya ɓoye murmushi a bayan takardarsa.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za a tafi da ita, ta durƙusa gaban Baba tana kuka. Ya dafa kanta, ya buɗe baki zai yi doguwar nasihar da ya kwana uku yana shiryawa, sai murya ta ƙi fita. Umma ta jira shi, da ta ga abin ya gagara, ta kama hannun Auta ta ɗaga ta.

"Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya," in ji ta. "Ku tafi, kafin mahaifinki ya ba mu kunya."