Shuɗin Fenti a Ƙaramin Ɗaki

Wata yarinya 'yar aji huɗu tana kwana ɗaki ɗaya da ƙanwarta Auta. Ɗakin ƙarami ne. Gado ɗaya ne a ciki, da tebur, da 'yar ƙaramar taga. Bangon kuwa duk Auta ta cika shi da zanen fensir.

Wata safiya lokacin hutu, Baba zai fita aiki, sai ya kira yarinyar.

"Yau mai fenti zai zo," in ji shi. "Ki ce masa ruwan madara zai shafa muku."

"Baba, ni shuɗi nake so. Mai duhu, irin na jakata."

"Ɗakinku ya yi ƙanƙanta da wannan launi. Ki dai isar da saƙona."

Da mai fenti ya iso, Mama tana can baya tana wanki. Yarinyar ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baba ya ce shuɗi mai duhu," ta ce.

Mai fenti ya leƙa ɗakin, ya sosa ƙeya. "Shuɗi mai duhu? A ɗan wannan wuri? To, yadda maigida ya ce."

Ya je ya kawo fenti, ya kama aiki. Kafin yamma ya gama.

Yarinyar ta shiga da gudu, sai ta yi turus. Ɗakin ya yi duhu kamar cikin rijiya. Auta ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi shiga.

"Yaya, wa ya matse mana ɗaki?" ta tambaya, idonta cike da ƙwalla.

Ana haka Baba ya dawo. Da ya ga bangon, ransa ya ɓaci. Ya juya wajen mai fenti, wanda ke wanke burushinsa.

"Malam, wannan wane irin aiki ne? In haka kake yi, ba zan ƙara kiranka ba."

Yarinyar ta matso a hankali.

"Baba, ba laifinsa ba ne. Ni na canza saƙon."

Sai Baba ya ba mai fenti haƙuri, ya sa ita ma ta ba shi.

"Gobe ba za ki bi mu gidan Kaka ba," ya ce mata. "Ki zauna da Mama, ki taya mai fenti gyara abin da kika ɓata."

Washegari yarinyar ta yini tana riƙe wa mai fenti bokiti, tana goge ƙasa. Sai da aka shafa fari sau biyu kafin shuɗin ya ɓuya.

"Kin gani, 'yata?" in ji mai fenti. "Launi mai duhu shanye haske yake yi. Mai haske kuwa yana baza shi ko'ina, sai bango ya yi kamar ya ja baya."

Ya shafa ruwan madara a bango, fari tas a rufi. Da ya ga ta yi aiki da zuciya ɗaya, sai ya miƙa mata ƙaramin burushi.

"Ungo, shafa shuɗinki a jikin ƙofa. Kaɗan ya fi kyau."

Da su Baba suka dawo, Auta ta faɗa ɗakin tana juyi, hannuwa a buɗe.

"Kai! Har da wurin rawa!"

Kowa ya kwashe da dariya. Mama ta dafa kan yarinyar.

"To, me kika koya?"

"In aka ba ni saƙo, in kai shi yadda yake. Ƙaryata ta kusa raba bawan Allah da aikinsa."

"Madalla," in ji Mama. "Je ki wanke hancinki, akwai shuɗi a kai."