Takalmin Iliyasu a Ƙofar Hajiya Kubura

"Down! Down!"

Ranar Juma'a ce, maza duk suna masallaci. Ma'aruf, shugaban 'yan fashin, ya san Hajiya Kubura ita kaɗai ce a gidanta na Summerfield a Amurka, kuma tana da gwal. Fuska a rufe, bindiga a hannu, yana ta zuba Turanci wai kada a gane shi. Rachid, direbansu, yana waje cikin mota. Iliyasu, sabon shiga, yana bayan oga, shi ma fuska a rufe.

Hajiya ta durƙusa tana salati. Sai idonta ya sauka a kan ƙafar Iliyasu. Safa ce kawai! Shashashan ya cire takalminsa a bakin ƙofa, yadda ya saba duk azumi in ya zo shan ruwa. Sabo turken wawa.

"Ɓarawon Amurka ba ya cire takalmi," in ji ta. "Iliyasu? Kai da nake zuba wa tuwo?"

Da ma ta yi shiru!

"Ta gane mu, man," in ji Ma'aruf da Hausa. "Sai dai a gama da ita."

"Oga, don Allah, Anti ce fa!"

"Uwarka ce? Matsa!"

Hannun Hajiya na kan makullanta. A jikinsu akwai ɗan gwangwanin feshin barkono da 'yarta Bebi ta maƙala mata. Ma'aruf ya ɗaga bindiga. Ita kuma ta rufe ido ta danna, daidai lokacin da Iliyasu ya faɗo tsakaninsu ya kare ta.

Fsss! Duka a idonsa!

"Wayyo idona! Ma'aruf, kama ni!"

Ya kira suna. Ma'aruf bai ko yi tunani ba.

Tau! Tau!

Ɗaya a ƙirjin Iliyasu, ɗaya a kafaɗar Hajiya.

Maƙwabci ya ji harbi ya kira 'yan sanda. Rachid na jin jiniya ya taka mota, ko waige babu. Ma'aruf ya fito yana tari, barkonon ya cika masa maƙogwaro. A shingen dawakin maƙwabta 'yan sanda suka danne shi, ko zobe ɗaya bai ɗauka ba.

Iliyasu ya cika kafin motar asibiti ta iso. Hajiya ta rayu, amma hannun ya mutu.

A asibiti Bebi ta rungume ta. "Mama, spray ɗin nan ya yi saving ɗinki."

Hajiya ta juya fuska ga bango.

"Mutum ɗaya ne ya roƙa mini rai a ɗakin can, Bebi. Shi na makantar."