Inda Bahago Ya Tsaya

Mama ce ta aike ni. Ba mahaifiyata ba, mahaifiyar Bahago, amma na ci abincinta na sha dukanta tun ina yaro, don haka tawa ce.

"Ɗana, ka ɗauko min jitar nan tasa," ta ce. "Ina so in riƙa ganinta a rataye."

Da wane bakin zan ce mata a'a?

Bahago abokina ne, kuma abokin sana'ata. Shi jita, ni ganguna. Da hagu yake kaɗawa, shi ya sa sunan ya bi shi. Ni kuma Kurma yake ce min, wai in na hau duka ba na jin kowa. Ranar da abin ya faru lafiyarsa ƙalau. Muna haɗa wani sabon kiɗa a ɗakin gwajinmu, ya kai tsakiya sai ya tsaya, ya dafe ƙirji, ya ce in buɗe taga. Na ce ya ƙarasa mana tukuna. Ya yi dariya ya ce ƙarshen yana cikin kansa, gobe zai nuna min. Ko ƙasan bene bai kai ba. A kan matakala ya zauna, shi ke nan.

Tun ranar ban yi kuka ba. Mutane sai yaba min dauriya suke yi. Dauriyar me? Ni dai ban yarda ba ne kawai.

Na yi ta jan ƙafa, ban isa wurin ba sai da rana ta faɗi. Ɗakin yana saman wasu shaguna, duk an rufe su. Babu wuta a layin. Na haska fitilar waya na hau, na tsallake matakalar da ya zauna a kai ban taka ta ba.

Ƙofar ta buɗe da ƙyar. Warin tsohon kafet da na soson da muka manna a bango ya buge ni. A ƙarƙashinsa akwai wani warin da na sani, na man zafin da Bahago yake shafa wa yatsunsa. Sabo fil, kamar yanzu aka buɗe kwalbar.

Jitar tana jingine da lasifika inda ya bar ta. Abin da ya kamata in yi shi ne in ɗauka in fita. Amma idona ya faɗa kan gangunana, duk sun yi ƙura. Na ce bari in ɗan zauna. Na ajiye wayar a ƙasa, na ɗauki sanduna, haka kawai don hannu ya saba.

Sai lasifikar ta fara gurnani.

Na kalli ƙwan fitilar sama. A mace yake.

Tsirkiya ɗaya ta yi ƙara, tin. Ta sake. Ana ɗaure ta a hankali, yadda ake yi kafin a fara. Ina kallon jitar, ba kowa kusa da ita, amma ɗan kunnen da ake murɗawa yana juyawa da kansa.

"Kurma," aka ce, ƙasa-ƙasa. "Ka makara."

Muryarsa ce. Wallahi muryarsa ce, har da ɗan kaushin nan na mai yawan shan iska a kan babur.

Na san wanda ya tafi ba ya dawowa. Tun ina yaro na sani. Amma bari in gaya muku gaskiya, abin da na fara ji ba tsoro ba ne, daɗi ne. Wani daɗi da ya kusa fasa min ƙirji.

Kiɗan ya tashi, sabon nan namu. Duk makaɗi ya san wannan: in abokin kiɗanka ya jefo maka, hannunka ne yake amsawa kafin kanka ya yi shawara. Na amsa. Ƙafata ta taka babbar ganga, sanduna suka bi. Na rufe ido. Ga Bahago a hagu da ni, yana jan kiɗan baya kaɗan kamar kullum, ni ina tura shi gaba.

Muka kai tsakiya, inda ya tsaya ranar. Na riƙe numfashi ina jiran ƙarshen.

Shiru.

Sai kiɗan ya koma farko.

Na bi shi. Muka sake kaiwa wurin, ya sake tsayawa, ya sake komawa. A karo na gaba na ce cikin raɗa, "Bahago, ƙarasa mana. Ka ce za ka nuna min."

"Gobe zan nuna maka," muryar ta ce. Ta yi dariya. "Kurma, buɗe taga."

Na buɗe ido. Tagar a buɗe take tun da na buɗe masa ita ranar, ba wanda ya rufe ta.

"Kurma, ka makara. Gobe zan nuna maka. Buɗe taga."

Babu sabuwar kalma ko ɗaya. Duk maganganun da ya taɓa yi ne a ɗakin nan, ake jero min su ɗaya bayan ɗaya. Dariyar ma iri ɗaya ce, tsawonta ɗaya, inda take yankewa ɗaya. Nan na gane. Wannan ba Bahago ba ne. Wani abu ne da ya daɗe a ɗakin yana sauraronmu, ya haddace mu. Bai san ƙarshen kiɗan ba, don bai taɓa ji ba. A wurina yake nema.

Na ce bari in ajiye sandunan.

Hannuna ya ƙi.

Wani abu mai sanyi ya riƙe wuyan hannayena duka biyu, ta baya. Yatsu ne, dogaye, sun zagaye hannun har sun haɗu sun wuce. Shi yake ɗaga su, shi yake sauke su.

Fitilar wayar ta mutu.

Kiɗan ya ƙara sauri. Farko, tsakiya, shiru. Farko, tsakiya, shiru. Sanda ɗaya ta tsage, tsinin ya shige min tafin hannu. Ina jin jini yana bin gwiwar hannuna, dukan bai tsaya ba. Na nemi addu'a a bakina, harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse.

Numfashi ya sauka a bayan kunnena. Ba warin man zafi yanzu. Warin rijiyar da aka daɗe da rufewa.

"Ƙarasa mana," aka ce.

Wannan karon muryata ce.

Na gane ba zai sake ni ba sai an ƙarasa, ni kuwa ba ni da abin ƙarasawa. A nan za a tsince ni, a kan kujerar nan.

"Ban sani ba," na ce da ƙyar. "Shi ya sani."

Riƙon ya ƙara tsanani. Ƙashina ya yi ƙara.

"Ba zai zo ba!" Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. "Ya rasu! Bahago ya rasu! Da hannun nan da ka riƙe na ɗauke shi daga kan matakala. Ba gobe, ba jibi, ba zai ƙara zuwa ba!"

Ban taɓa faɗa da bakina ba sai a lokacin. Kukan da na hana kaina ya ɓalle gaba ɗaya, irin mai fitowa daga ciki kamar amai.

Jitar ta yi shiru.

Tsirkiya ta tsinke, tas. Wata ta bi ta. Wata kuma.

Yatsun suka saki, ɗaya bayan ɗaya.

Bakina ya buɗe da sunan Allah. Na laluba cikin duhu na fizgi jitar, na yi karo da ƙofa, na gangara matakalar rabi da ƙafa rabi da baya. Ban waiwaya ba har sai da na ga hasken motoci.

Mama ta karɓi jitar, ta kalli tsinkakkun tsirkiyoyin, ta kalli hannayena. Ta jawo kaina ta ɗora a kafaɗarta, muka yi kukan tare.

Shatin yatsun ya daɗe bai ɓace ba. Gangunana ma wasu na roƙa suka kwaso min da rana tsaka. Na koma sana'a, amma ban ƙara kiɗa da ido a rufe ba.

Kwanan baya na haɗu da mai gyaran rediyon da shagonsa yake ƙasan ɗakin. Ya riƙe hannuna yana kallona da tausayi.

"Malam, ka yi haƙuri haka nan," ya ce. "Kullum da magariba sai mun ji ka a sama kana kuka kana kiran sunansa. Har mu ka sa mu hawaye."

Ban gaya masa rabona da ɗakin tun daren nan ba, abin nan ne ya haddace kukana. Ya ce ko a sa mai gidan ya canza makulli, don in huta.

Na ce masa a'a, a bar shi ya yi. Shi ma abokin Bahago ne.