Tsakiyar Ido

"Kalle ni cikin ido ki sake faɗa."

Tela ta damƙe gefen keken ɗinkinta. Mai gyara ne tsaye a gabanta, mutumin da ya daɗe yana sintirin gyaran keken da lafiyarsa ƙalau kafin ya samu bakin cewa yana son ta. Ita mijinta ya rasu, shi matarsa ta rasu, duk furfura ta cika musu kai, amma in ya yi sallama har yau gabanta faɗuwa yake kamar na budurwa.

Sai ga idonta ya juya mata baya. Da farko layin ɗinki ne ya riƙa lanƙwashewa, daga nan wani duhu ya zauna daram a tsakiyar duk abin da ta kalla. Likita ya ce shekaru ne suka cinye tsakiyar ganinta, gefe zai rage mata, tsakiyar kuwa babu gilashin da zai dawo da ita. Ba ta gaya wa mai gyara ba. Wanda ta tsura wa ido ɓacewa yake, sai ta kau da kai take hango shi.

Babbar 'yarsa ce ta gano, ranar da Tela ta miƙa mata mayafin wata. 'Yar ta durƙusa har ƙasa, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, ta ce Babansu ya sha jinyar mahaifiyarsu har ya kusa bin ta, don Allah Anti ta tausaya masa. Shi ya sa yau Tela ta ce masa ya haƙura da ita.

"Rabin raina..." muryar mai gyara ta karye. "Me na yi miki?"

Ta ɗago ta tsura masa ido sosai. Duhun ya haɗiye fuskarsa gaba ɗaya, kafaɗunsa kawai suka rage. Da tana ganin fuskar nan, wallahi da bakinta bai iya ba.

"Ba na son ka, Malam."

Ta ji ya ɗauki jakar kayan aikinsa, ƙarafa suna ƙara.

Zuciyarta ta ƙi haƙura. Sau ɗaya dai, ta gan shi ko da dishi-dishi! Da sauri ta juya fuskarta bango, ta kamo shi da gefen ido a bakin ƙofa.

A daidai lokacin ya waiwayo.

Ya tsaya yana jiran ta dube shi. Abin da ya gani kawai, ta kau da kai.

Ita kuwa tana kallon sa, har ya saki labulen.