Ba Inda 'Yata Za Ta

Auta na tsugune a bakin famfo yana cuɗa fararen kayan aikin matarsa, 'yarsu na goye a bayansa tana barci, littafinsa kuma a buɗe kan kujera an danne shi da cokali. A haka Yaya ta same shi.

Yaya ce ta rene shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Tela ce mai zafin rai, ta yi doguwar tafiya zuwa garin da yake karatun injiniya ba tare da ta sanar ba. Ta ajiye jakarta, ta riƙe ƙugu.

"Auta, kai ne da goyo? Ina 'Yar Fasto?"

Haka dangin miji ke kiran matarsa, don mahaifinta ne fastonsu a gida.

"Tana asibiti, Yaya. Duti gare ta. Sannu da zuwa."

"Riƙe sannunka. Ashe gaskiya ne da aka ce ka faɗi kwas guda. To yaya ba za ka faɗi ba, an mai da kai mai raino?"

Ɗaki ɗaya suke haya kusa da makaranta. Katifa, teburin karatu da suke karɓa-karɓa, risho a lungu, igiyar shanya cike da kayan jaririya. Matarsa tana shekarar ƙarshe a karatun nas. Idan yana lakca tana gida, idan tana asibiti yana gida, wani lokaci a bakin get ɗin makaranta suke miƙa wa juna yarinyar, kowa ya ruga. Ranar Lahadi kaɗai suke jerawa tare zuwa coci.

Da yamma 'Yar Fasto ta dawo, ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo ruwa da abinci. Yaya ba ta ko dubi kwanon ba.

"Ba ci ya kawo ni ba. Dangi sun zauna sun yanke magana. Zan tafi da yarinyar nan gida. Ke kuma ki biyo mu ki rene ta a can, ki bar yaron nan ya yi abin da ya kawo shi. Karatu biyu ba ya yiwuwa a ɗaki ɗaya."

'Yar Fasto ta juya ta dubi mijinta. Kansa na ƙasa.

"To, Yaya," in ji shi, "za mu duba."

"Ba abin da za mu duba," in ji 'Yar Fasto. "Yaya, ki yi haƙuri, ba inda 'yata za ta. Ni ma ba inda za ni. Saura mini semista ɗaya."

"Da ni kike?"

"Da duk wanda ya zauna ya yanke magana a kaina ba a tambaye ni ba. Ke aka cire daga makaranta don ki reni Auta, kowa ya sani. Yanzu kuma ni kike so a cire saboda shi? Mata nawa za a kashe wa karatu kafin namiji ɗaya ya gama nasa?"

Fuskar Yaya ta sauya. Can ta jawo jakarta ta zauna a kai.

"To, mu zuba. Ƙafata ƙafar yarinyar nan. Ba zan bar garin nan ba sai da ita."

"Ga wuri nan, Yaya. Gidan ƙaninki ne."

'Yar Fasto na faɗin haka ta fita tsakar gida kwashe shanya, Auta ya bi ta. Hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskarta.

"Kin yi mata zafi da yawa," ya ce.

"Na yi, don kai ka ƙi magana. 'Za mu duba'! Ni ce za a duba? Ranar aurenmu a gaban bagaden coci ba dangi ne suka riƙe hannuna ba, kai ne."

"Uwa ce a wurina. Ban taɓa ce mata a'a ba."

"To yau ka koya. In ba ka iya ba, ka faɗa mini tun yanzu, in san ni kaɗai ce."

Ya saki igiyar shanyar da ya riƙe. Sannan ya koma ɗaki ya durƙusa gaban Yaya.

"Yaya, duk abin da na zama ke ce. Amma kwas ɗin nan ni na faɗi, sakacina ne, ba ita ba. Goyon nan kuma ba wanda ya sa ni, 'yata ce. Matata za ta gama karatunta, yarinya kuma tana wurinmu."

"An shanye ka," Yaya ta ce, ta juya fuska ga bango.

Ba ta tafi ba. Ta shimfiɗa tabarma a gefe ta kafa zaman gaba. Ba ta amsa gaisuwar 'Yar Fasto, ba ta taɓa yarinyar, ko addu'ar safe sai ta juya baya ta yi tata. 'Yar Fasto kuwa ba ta fasa komai ba. Kullum ta kai mata ruwan wanka, ta wanke mata kaya. Wata safiya ta durƙusa ta ce, "Yaya, maganar makarantarki da na yi, ban kyauta ba, ki yafe mini. Amma maganar 'yata tana nan yadda take."

Yaya ta yi tsaki. Sai dai idonta na kan komai. Ta ga 'Yar Fasto tana haddace sunayen magunguna tana ba da nono. Ta ga Auta yana dawowa a guje, gumi sharkaf, don matarsa ta samu motar asibiti. Ta ga suna raba ƙwai ɗaya suna dariya.

Da jarrabawa ta zo, sai aka sa musu takarda safiya ɗaya, lokaci ɗaya. Maƙwabciyar da ta yi alkawarin riƙe yarinyar kuma ta wayi gari da zazzaɓi. Suka tsaya a tsakiyar ɗaki, kowa da biro a hannu.

"Ki tafi," in ji Auta, yana ɗaukar zanen goyo. "Ni zan sake tawa baɗi."

"Ba ka isa ba. Ka riga ka faɗi ɗaya, in ka rasa wannan korarka za su yi."

"Ke kuma in kin rasa taki fa?"

Babu wanda ya dubi tabarma. Sun riga sun ƙudurta ba za su roƙe ta ba.

Sai Yaya ta miƙe, ta fizge zanen daga hannun Auta.

"Ku ba ni ita, marasa wayo. Ni ina zaune za ku yi asarar jarrabawa?" Ta saɓa yarinyar a baya, ta ɗaure tamau, sannan ta nuna 'Yar Fasto da yatsa. "Ke kuma mai bakin tsiya, in kika faɗi bayan duk rashin kunyar nan, ni da ke ne."

'Yar Fasto ta fashe da kuka, ta rungume ta.

"Sake ni, za ki makara."

Yaya ta zauna har suka gama jarrabawa, dukansu kuma suka ci. Ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, ba halinta ba ne. Amma ranar da za ta tafi, kawunsu ya kira waya yana tambayar yaushe za a kawo yarinya, suna ji ta ce, "Yarinya tana wurin uwarta. Wanda bai yarda ba ya zo ya same ni." Ta sumbaci jaririyar, ta miƙa ta, ta hau mota ita kaɗai.

Girmama na gaba wajibi ne, amma ba shi ne miƙa wuya ga kowace magana ba. Ma'auratan da suka tsaya tare a kan gaskiyarsu, suka haɗa da haƙuri da ladabi, ko wanda ya zo raba su sai ya koma mai tare musu faɗa.