Ƙetarar Kan Damo

"Sau uku ke nan, Munawwara. Sau uku!"

Musbahu bai ko kashe mashin ɗinsa ba ya faɗi haka. Ya tsaya a gindin gawon da ke bakin kogi, taɓo har gwiwar wandonsa. Tun asuba ya baro Birnin Kudu, inda yake koyarwa a wata sakandare, saboda saƙon da ta tura masa jiya da la'asar: a ɗaga bikinsu zuwa bayan kaka.

"Kashe mashin ɗin, Malam. Zai firgita shanu."

Ya kashe.

"Saura kwana tara ɗaurin aure. Inna ta raba goro har Surko. Me zan ce mata?"

"Ka ce mata wata huɗu ne kawai…"

"Bara ma wata huɗu kika ce. Da rani kika ce wata biyu. Ki dube ni mana!"

Ba ta dube shi ba. Idonta na can kan tudu, inda aka tara shanu ɗari da arba'in na gidaje goma sha ɗaya, masu su na tsaye a bayansu. Yau ce ranar ƙetara garke zuwa Kan Damo, kuma mahaifinta, Malam Haladu, shi ne jagora. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana riƙe da wannan sanda.

Kan Damo wani dogon dutse ne da ya miƙa cikin kogi, tafiyar awa guda a ƙafa daga rugarsu ta yankin Zandam. Da rani a kan yashi ake taka zuwa can. Da damina kuwa ruwa kan zagayo ta bayansa ya yanke shi, ya zama tsibiri. Shi ya sa ake kai shanu can da zarar shuka ta tsiro. Ciyawa ta ishe su, ba gonar kowa a kusa, ba rigima da manoma har a yi girbi.

A can Musbahu ya fara ganinta, shekara uku da suka wuce. Ya je ɗaukar hotunan zanen shanun da mutanen da suka yi da jar ƙasa a jikin dutse, ya ɓata a cikin kufai. Ita ta fito da shi. A hanya ta nuna masa ragowar ganuwar duwatsu da kakanni suka fake a bayanta zamanin hare-hare, da ramukan niƙa da suka lotsa a kan falalen dutse, da wani dutse mai ƙara kamar kuge in an buga shi. Ta nuna masa kukar da shamuwa ke sheƙa a kai, da kogon agwada, da inda damo ke shanya jikinsa da hantsi. Ya koma gida da hoto ɗari biyu, ya kasa tuna ko ɗaya sai fuskarta.

"Akwai wani ne?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

Sai a lokacin ta juyo.

"Malam! Ni kake tambaya haka?"

"To me zan zata? Hasken raina, in akwai abin da na yi miki, faɗa mini. In gidan ne bai yi miki ba, sai in sake wani. In Birnin Kudu ce ba kya so…"

"Ba kai ba ne. Wallahi ba kai ba ne."

"To mene ne?"

Ta sake waiga tudu. Rana ta fara ɗagawa, belbelu sun sauka a tsakanin shanu.

"Bari in je, lokaci ya yi. Za mu yi magana."

"Ba inda za ki sai kin ba ni amsa."

Ya sha gabanta. Bai taɓa yin haka ba.

Amsar tana bakinta, amma ba tata ba ce. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe wa Malam Haladu gani. Mutum a gabansa inuwa ce kawai. Ba wanda ya sani sai ita, don tun rasuwar mahaifiyarta su biyu ne a gidan. Ya sa ta yi masa alkawari ba za ta faɗa wa kowa ba. In aka sani, za a karɓe sandar a ba Ashiru, ɗan ƙanensa, shi kuma a shimfiɗa masa buzu a zaure ya zauna yana jiran abinci.

Al'adar ƙetarar kuma ido take bukata. A goshin Kan Damo akwai zanen wani jan sa babba, wanda ba a hango shi sai daga kan wani falalen dutse a wannan gaɓar, inda jagora ke hawa. In ruwa na ƙasan kofaton san, a ƙetara. In ya kai gwiwa, a jira. In ya taɓa ciki, ko kare ba a bari ya shiga. Abin da jagora ya faɗa shi ke nan, ba mai musu. Bara ita ta tsaya a hagunsa riƙe da ƙwaryar ruwa, ta raɗa masa kalma ɗaya, shi kuma ya ɗaga sanda ya sanar. Wata huɗun da suka yi a tsibirin, ita ce idonsa.

"Malam, don girman Allah ka matsa…"

"Kina sona ko ba kya sona?"

"Ka san amsar."

"Ban sani ba! Da na sani da ban zo nan ina…"

Muryar Malam Haladu ta katse shi, daga can nesa, da ƙarfi kamar kullum.

"Bismillahi! Ruwa na ƙasan kofato. A kora!"

Munawwara ta ture Musbahu ta ruga. Takalminta ɗaya ya maƙale a taɓo, ba ta tsaya ba. Kafin ta hau falalen dutsen mahaifinta ya riga ya sauka, yana gangarawa bakin ruwa, uwar garke na biye da shi, sauran na tururuwa a baya.

Ta kalli goshin tsibirin.

Ba kofato, ba gwiwa. Jan ruwa mai kumfa na lasar cikin san. A nan ba a yi ko yayyafi ba kwana huɗu, sama tas take. Ruwan daga duwatsun kudu ya zo.

"Baba! Ya kai ciki! Baba, fito!"

Malam Haladu ya tsaya, ruwa a ƙwaurinsa. Bai juyo ba.

"Koma gida, yarinya. Wa ya tambaye ki?"

Wani a kan tudu ya yi dariya. Wani ya ce 'yar boko ce, ta zo koya wa Malam kogi. Tsohon ya ƙara taku biyu. Ruwa ya kai masa cinya. Uwar garke ta toge, tana huci, amma na baya na turo ta.

Munawwara ta duba mutanen, ta duba bayan mahaifinta. Daƙiƙa biyu ta yi.

"Ku tare shanun! Ba ya gani! Wallahi Babana ba ya gani, shekara biyu ke nan!"

Dariyar ta ɗauke.

Ashiru ne ya fara motsi. Ya faɗa gaban uwar garke yana dukan ruwa da sanda har ta juya. A daidai lokacin yashi ya zame ƙarƙashin ƙafar Malam Haladu, ya tafi a karkace. Musbahu bai iya ruwa ba, ko a kududdufi bai taɓa shiga ba. Ya shiga da takalminsa da wayarsa, ya damƙo wuyan rigar tsohon da hannu biyu, ya zauna daɓas a cikin ruwan yana ja da baya. Mutum uku suka zo suka jawo su tare.

Ashiru ya hau falalen dutsen ya duba. Ya sauko, ya gyaɗa wa dattawa kai.

Malam Haladu na zaune a kan yashi, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Munawwara ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ka yafe mini…"

Ya kau da kai.

"Wane ne ya riƙe ni?"

"Ni ne, Baba. Musbahu."

"Malamin makaranta? Me ya kawo ka daji ranar Laraba? Yaran mutane fa?"

Musbahu ya kalli Munawwara. Ta girgiza masa kai. Ya yi kamar bai gani ba.

"Batun ɗaga bikin ne, Baba."

"Kun kuma ɗagawa? Ai na ce wa 'yar nan, in mutanenku ba su shirya ba su fito su faɗa. Sau biyu kuna sa ni jin kunya."

"Mu, Baba? Mu tun bara muke a shirye. Ita ta ce mana ku ne kuke neman lokaci."

Tsohon ya sunkuyar da kai.

"Ashe ni ne," ya ce a hankali. Sannan ya ɗaga murya yadda na kan tudu za su ji. "Jama'a, abin da ta faɗa gaskiya ne. Na hau dutsen nan, na juya hagu ban ji ta ba. Na ji muryar ruwan ba irin ta jiya ba ce. Da na tambaya, da an gaya mini. Kuna kallona, sai na ji nauyin tambaya. Na kusa hallaka muku dukiya. Ashiru!"

"Na'am, Baffa."

"Karɓi."

Ya miƙa sandar ga iska, nesa da inda Ashiru yake. Ashiru ya zagayo ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu.

Kwana uku Malam Haladu bai yi wa 'yarsa magana ba. In ta ajiye masa fura ya sha, in ta gaishe shi ya amsa da ka. Ta kasa zama, ta kasa ci. Ta wanke ƙoren tatsa sau biyu a rana ɗaya. Musbahu ya ari wayar abokinsa, don tasa ta mutu a ruwa, ya kira ta.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na yi alkawari."

"Ni fa na tsare ki. Da wani abu ya same shi…"

"Bai same shi ba."

"Abar ƙaunata, da kin faɗa, da tuni mun kai shi asibiti. Yanar ido ce fa. Kawuna ma an cire masa, ga shi yana karatun Alƙur'aninsa."

"Ba zai yarda ba. Ko kallona ba ya yi."

"Dama yana kallonki ne?"

Ta yi dariya ba shiri, sai dariyar ta koma kuka.

Ranar Asabar ruwa ya ja. Ashiru ya hau dutse, ya ɗaga sanda. Malam Haladu ya sa aka kawo shi bakin kogi, ya zauna a gindin gawo, ya ce Musbahu ya zauna kusa da shi. Munawwara ta tsaya nesa kaɗan.

"Faɗa mini abin da kake gani."

"Sun shiga, Baba. Wata ja ce a gaba."

"Wace jar? Ja goma sha tara ne a garken nan."

"Mai… mai ƙaho."

"Kai! Akwai saniya marar ƙaho a nan? Maruƙan fa, ta wane gefe suke?"

"Suna… a cikin ruwa dai suke, Baba."

Tsohon ya buga tafin hannu a cinya.

"Munawwara! Zo ki karɓi mijin nan naki, zai kashe ni da hawan jini!"

Ta zo da sauri har tana tuntuɓe. Ta durƙusa, ta fara lissafa masa: uwar garke ta kai tsakiya, maruƙa na gefen sama inda iyaye ke tare musu ruwa, bijimin gidan Ɗan'azumi ya so komawa Ashiru ya juyo shi. Tsuntsayen carki biyu na kan tozon farin sa, ko tashi ba su yi ba. Yana ji yana gyaɗa kai. Da ta ƙarshe ta taka tsibirin, shamuwa suka tashi daga kan kuka gaba ɗaya. Wannan ba ta faɗa masa ba, ya ji fukafukansu da kansa.

Ya miƙe. Karo na farko cikin shekara arba'in da ɗaya, ya juya wa Kan Damo baya da damina.

An ɗaura auren ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ranar da aka sa tun farko. Da yamma mata suka kawo amarya wurin mahaifinta ta yi sallama, motar Birnin Kudu na jira a bakin shinge. Ta kama ƙafafunsa ta ƙi saki.

"Wa zai ba ka ruwa, Baba? Wa zai…"

"Matar Ashiru na nan. Tashi, kin jiƙa mini wando."

"Baba…"

"Tashi na ce. Litinin ina Birnin Kudu. Mijinki ya karɓo mini katin aikin ido a asibiti, ya ce wuƙar ƙarama ce."

Ya laluba har ya sami kanta, ya ɗora hannu a kan mayafin.

"Ranar da za su kwance mini ƙyallen, ki tsaya a gaba, kar ki bari likita ya tare. Shekara biyu ban ga fuskarki ba."